Ranar da Garwashi Ya Makara

A unguwarmu ta Flatbush babu wanda ya san sana'ar Orrin Tillotson sai maƙwabtan da ke zaune a ƙarƙashin ɗakinsa, su ma ƙarar tafireta ce ta sanar da su. Dogon mutum ne siriri, mai zuƙar taba da saurin hawa, wanda tun shekarar 1933 yake zama a teburin cin abinci ya rubuta labari guda mai tsawon littafi duk wata. Jarumin labaransa shi ne Kyaftin Garwashi, wani attajiri da gobara ta cinye masa rabin fuska, yake rufe ta da jan ƙyalle yana farautar miyagun da suka gagari 'yan sanda. Harsashi ba ya samunsa, igiya ba ta riƙe shi, kuma bai taɓa isa wuri a makare ba. Mujallar da ke buga labaran senti goma ake sayar da ita, a kan takarda mai arha wadda kan yi ja ta kakkarye kafin shekara ta zagayo, amma ranar da ta fito sai ka ga 'yan dako da direbobi da 'yan makaranta sun yi cincirindo a rumfar mai jarida. Sunan marubucin da ke jikin bango, Dirk Calloway, ba na kowa ba ne. Kamfani ne ya ƙirƙire shi, kuma kamfani ke da shi, har da jarumin da duk abin da aka rubuta a kansa.

Matarsa Verna 'yar gajeriya ce marar yawan magana. Kafin aure ta yi aikin buga tafireta a wani ofishin inshora, bayan aure kuma ita ke gyara masa kurakurai, ta kai rubutun ofishin mujallar da ke Manhattan a jirgin ƙasa. Ɗansu ɗaya ne, Wendell, wanda ya tashi a ƙarƙashin teburin nan yana tsintar takardun da ubansa ya duƙunƙune ya yar, yana warwarewa yana karantawa.

Wata safiya a watan Fabrairun 1941 Orrin ya miƙa hannu zai ɗauki kofin gahawa, hannun ya ƙi tashi. Kafin rana ta take ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Likita ya ce zai rayu, amma batun aiki a manta da shi.

Ba su manta ba, don babu wata hanyar cin abinci. Da farko shifta yake mata daga kan gado, tana kasa kunne tana tsintar kalmomin da ke fitowa daga karkataccen bakin. In ta kasa ganewa sai ya buga sanda a ƙasa, ita kuwa ta cike gurbin da abin da take zaton yana nufi. A hankali guraben suka yi ta faɗi. Wata rana ya gaji tun a babi na biyu ya yi barci, ta ci gaba ita kaɗai, kafin ya farka ta kai babi na biyar. Tun daga nan ba su taɓa zama sun yi maganar ba. Yana kwance a ɗaki yana jin ƙarar tafireta, ita tana falo tana rubutu, in ta gama ta ajiye masa takardun a gefen gado. Wani lokaci ya karanta, wani lokaci ta same su yadda ta bar su.

Editan mujallar, Mista Lubin, ƙaton mutum ne mai sanƙo wanda ke cin abincin rana a kan rubutun mutane. Ranar da ta kai masa na farko da ta rubuta daga farko har ƙarshe, ya karanta shafi uku, ya dube ta ta saman tabarau.

"Ciwon nan ya yi wa mijinki rana," in ji shi. "Yau ga mace a labarinsa tana magana kamar mutum."

Bai tambaye ta komai ba. Abin da ya dame shi rubutu ya iso ranar goma ga wata, ko aljani ne ya rubuta.

Wendell bai jira a kira shi soja ba. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya bar kwaleji ya kai kansa, yana ɗan shekara goma sha tara. Yaro ne mai fara'a, haƙorinsa na gaba ya ɗan guntule tun yana ƙarami, ta wurin yake yin fito har a ji shi daga ƙasan bene. Verna ita kaɗai ta raka shi tasha. Da ya ga idonta ya kawo ruwa sai ya yi dariya ya ce, "Koma gida, Mama, kin bar tukunya a wuta." Maganarsa ta ƙarshe ke nan da ta ji da kunnenta.

Takardar gwamnati mai sanar da mutuwarsa ta iso a watan Nuwamban 1944, da la'asar. Orrin ya karanta da hannun hagu, ya miƙa mata, ya juya fuskarsa ga bango. Kwana uku bai ci ba, bai yi magana ba, in ta taɓa kafaɗarsa sai ya janye. Babu gawa balle jana'iza. Saura kwana tara a kai rubutun wata.

A rana ta huɗu ta zauna gaban tafireta. Ba ta tsara komai ba, hannu ne ya yi ta tafiya. A labaran Garwashi akwai wani matuƙin jirginsa mai suna Mulvaney, wanda shekara da shekaru ba shi da aiki sai tuƙi. A wannan karon ta ba shi guntulallen haƙori, ta ba shi fito. Miyagu suka kama shi, Garwashi ya bi sawu ta ruwa da ta tudu, amma ya isa bayan an riga an harbe shi. Mulvaney ya dube shi ya ce, "Koma gida, Kyaftin, ka bar tukunya a wuta," ya cika. Jarumin da bai taɓa faɗuwa ba ya cire jan ƙyallensa, ya zauna a ƙasa ya yi kuka, sannan ya saɓi gawar ya yi tafiyar yini guda da ita. Ko ramuwar gayya ba a yi ba a labarin. Ta sa masa suna Ranar da Garwashi Ya Makara.

Mista Lubin ya yi ta ƙorafi cewa yara ba kuka suke saye da senti gomansu ba, amma lokaci ya ƙure, ya buga. Wasiƙun da suka biyo baya sai da aka zuba su a buhu. Orrin ya karanta mujallar a zaune a bakin gado, tun daga bango har bango, ya kife ta a kan tebur. Verna ta jira ya ce wani abu. Da bai ce ba, sai ta ɗauka shirun nasa irin nata ne, na wanda abin ya fi ƙarfin bakinsa. A kan wannan zaton ta rayu shekara ashirin da biyu.

Mujallar ta mutu a 1949, tare da 'yan uwanta. Yara sun koma littattafan zane, manya sun koma ƙananan littattafan aljihu, sai ga talabijin ya shigo ya kwashe saura. Verna ta koma aikin ofis. Orrin ya samu sauƙi sannu a hankali, har yana iya sauka bene da sanda, magana ma ta dawo, sai dai kalma-kalma take fita kamar ana ƙirga ta. Tsufa ya same su suna zaman lafiya irin na waɗanda suka saba. Yana ce mata tsohuwa, tana ce masa sarkin rigima.

A bazarar 1966 wasiƙa ta zo daga wasu samari masu tara tsofaffin mujallu. Sun bi diddigi har sun gano wanda ke bayan sunan Dirk Calloway. Wani kamfani ya sayi labaran Garwashi yana sake buga su a littattafan aljihu, su kuma za su yi taro a wani otal ranar Asabar, suna roƙon Mista Tillotson ya zo su karrama shi. Verna ta zaci zai ƙi. Sai ga shi ya sa ta goge masa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya je aka yi masa aski. Ta yi murna ƙwarai. A ranta ba ta nemi komai ba, sai dai ta ga an tafa wa mutumin nan sau ɗaya kafin ya bar duniya.

Zauren ya ɗauki mutum kamar ɗari biyu, yawancinsu maza masu tabarau, kowa da tsohuwar mujalla a cikin leda kamar wani abin gado. Aka zaunar da Orrin a babban tebur, ita kuma a layin gaba, jakarta a cinya. Babban mai jawabi shi ne Dale Petrakis, marubucin labaran 'yan sandan ciki wanda littattafansa ke kowane kanti a lokacin, ɗan shekara talatin da wani abu, mai faɗin kafaɗa da saurin dariya.

Ya yi magana mai daɗi. Ya ce duk jaruman da ake yayi yau, masu rufe fuska a littattafan zane da 'yan leƙen asirin da ke cika silima, jikokin waɗancan na takarda mai arha ne, ko sun sani ko ba su sani ba. Maɓoyar sirri, suna biyu, mugun da ba ya mutuwa, duk daga can aka kwaso. Sannan ya sassauta murya ya ce shi dai labari ɗaya ne ya mai da shi marubuci. Yana ɗan shekara goma sha huɗu yayansa ya mutu a yaƙi, babu wanda ya iya ce masa komai a gida, sai ya karanta Ranar da Garwashi Ya Makara. A nan ya fara sanin cewa jarumi ma yana iya makara, kuma duk jarumin da ya rubuta tun daga lokacin daga wannan labarin ya fito. Ya buɗe mujallar ya karanta maganar tukunya a wuta. Yana gamawa aka miƙe ana tafi.

Verna ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan jakarta. Ba ta ga lokacin da Orrin ya jawo abin magana gabansa ba.

"Na gode, samari," in ji shi. "Amma wannan ba nawa ba ne."

Aka yi 'yar dariya, ana zaton tawali'u ne.

"Nawa guda casa'in da huɗu ne. Daga 1933 zuwa farkon 1941. Su kuka zo ku yaba, ku yaba. Sauran, ga mai su nan zaune." Ya nuna ta da sanda. "Wancan da ka karanta, yaro, maganar ɗana ce. Ɗana Wendell. Ita ya faɗa wa a tasha. Ko wata guda bai yi da mutuwa ba aka kai shi kasuwa. Ni ban sayar da gawar ɗana senti goma ba."

Verna ta ji idanun mutum ɗari biyu sun sauka a ƙeyarta. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne yadda maganar ta fito masa sumul, babu inda harshensa ya sarƙe, alamar ya daɗe yana maimaita ta a zuci. Askin da kwat ɗin ma ashe don wannan ne. Petrakis ya sauko ya durƙusa gabanta yana kiranta Mama, yana faɗin abubuwan da ba ta ji ba. Ta miƙe ta je ta kama hannun mijinta kamar yadda ta saba, ta taimaka masa ya sauko daga dandamali, suka fita.

Suka shiga tasi zuwa gida. Sai da suka hau bene, ta zaunar da shi, ta cire masa takalma, sannan ta tambaye shi dalilin da ya sa ya bari sai a gaban mutane.

Ya ce a gaban mutane aka yi abin, mutum dubu ɗari uku suka karanta. Ya ce ciwo ya ɗauke masa hannu, bai yi ƙorafi ba. Ta ɗauke masa jaruminsa ta mai da shi mai kuka, ya haɗiye, don da shi ake sayen maganinsa. Amma yaron nasu ne su biyu, kuma ba ta ko tambaye shi ba. Maganar tasha ma ba ta taɓa faɗa masa ba sai da ya roƙa, ga ta nan kowane direban bas ya haddace.

"Ina zan kai kukan?" in ji Verna. "Ka juya min baya kwana uku. Bango ka zaɓa. Ni takarda na samu."

"Takardar da ake biya."

Nan ne abin da ta daɗe tana dannewa, wanda ko ita ba ta san girmansa ba, ya taso mata.

"To wa ya kai shi? Wa ya cika masa kai tun yana yaro da mutumin da harsashi ba ya samu? Ba a kira shi ba, Orrin, shi ya kai kansa. Naka casa'in da huɗun ya karanta ya tafi. Ni binne shi kawai na yi."

Magana zarar bunu ce. Tana rufe baki ta ga fuskarsa ta zube, ɓangaren mai lafiyar ya koma kamar ɗayan. Ya lalubi sandarsa ya shiga ɗaki. Ta tsaya a falo da takalmansa a hannu, ta rasa inda za ta ajiye su.

Bayan wannan ba su sake faɗa ba, kuma da sun yi da ya fi. Yana gode mata in ta kawo abinci, tana tambayarsa ko tagar ta yi masa sanyi. Ya daina ce mata tsohuwa, sai Verna.

Ashe akwai ɗan jarida a zauren. Kafin mako ya zagayo labarin ya fito, uwar da ta rubuta mutuwar ɗanta da sunan namiji. Petrakis ya zo gidan da furanni, yana ta ba da haƙuri, ya ce zai yi duk abin da zai iya don a sa sunanta a kan littattafanta. Ta ce ba suna take so ba. Abu ɗaya take roƙo, kada a sake buga wancan labarin. Ya yi mamaki, amma ya ɗauke ta a motarsa ya kai ta ofishin sabon kamfanin. Wani saurayi mai ladabi ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata shayi, ya saurare ta har ƙarshe. Sannan ya bayyana mata cewa labarin ba nata ba ne, ba na mijinta ba ne, hasali ma an matso da ranar fitowarsa saboda yadda mutane ke tambaya.

A watan Oktoba ya fito. Ta gan shi a kantin magani, a kan ƙarfen jera littattafai da ke juyawa, tsakanin littattafan kaboyi da na soyayya. A bayan bangon an rubuta labarinta da manyan baƙaƙe, har da sunan Wendell da shekarunsa da wurin da ya faɗi. Abin da shekara ashirin da biyu babu wanda ya sani sai su biyu, yanzu da shi ake talla. Ta karɓi maganin Orrin ta fito. Ba ta gaya masa ba, amma maƙwabta sun gaya masa. Ya san bakinsa ne ya jawo, ita ma ta sani, babu wanda ya ɗora wa wani.

Da sanyi ya shigo ƙirjinsa ya kama, ya kwanta. Ido ma ya yi rauni. Wata rana da hantsi tana gyara masa matashi sai ya ce, ba tare da ya dube ta ba, ko za ta karanta masa wani abu. Ta tambaye shi jarida ko me. Ya ce a cikin akwatin da ke saman kabad, labarinsa na shekarar 1935, wanda aka yi faɗa a kan gadar jirgin ƙasa.

Ta sauko da shi, takardar na zubar da gari a cinyarta. Rabonta da karanta nasa tun tana farautar kurakurai a ciki, lokacin da ba ta ganin komai sai waƙafi da aya. Yanzu da ta karanta a bayyane sai ta ji yadda labarin ke gudu, babu kalmar da ta zauna banza, kowane babi ya ƙare a inda dole ka buɗe na gaba. Ta tuna cewa mutumin nan ya yi wannan sau casa'in da huɗu, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ce masa ya iya ba. Ta kai babi na shida ta dakata.

"Wannan ya fi nawa, Orrin."

"Kada ki yi min ƙarya," in ji shi. "Ci gaba. Yanzu jirgin zai iso."

Ta ci gaba. Kullum da hantsi haka suke yi, har suka karanta goma sha ɗaya. Ta so ta janye maganar da ta faɗa masa, ta sha shirya yadda za ta fara, sai ta ga in ta ce ba haka take nufi ba ƙarya za ta yi, shi kuma zai gane. Shi ma bai janye tasa ba. Ya rasu a farkon watan Maris, suna tsakiyar na goma sha biyu.

Mutum bakwai suka je jana'izar, Petrakis na cikinsu. A bakin maƙabarta ya ce mata samarin za su sake taro a bazara, kuma wannan karon ita suke so ta hau babban tebur. Verna ta gode masa, ta ce ya gaishe su. Ta ce ƙanwarta da ke Ohio ta daɗe tana kiranta, kuma ta riga ta sanar da mai gida za ta tashi ƙarshen wata. Ya tambaye ta ko akwai abin da zai taimaka da shi. Ta yi ɗan tunani, ta ce in yana da wanda zai sauko mata da kabad daga hawa na huɗu, ya turo shi ranar Talata.